Don Allah a taimaka: kod ɗina sun ƙi tsayawa layi ɗaya a MuseScore, shafi kuma yana yankewa a tsakiyar amshi

MaiFiyano_Narayi

Salama gare ku 'yan'uwa, barkanmu da war haka. Ina neman taimakon waɗanda hannunsu ya faɗa a MuseScore, manhajar rubuta waƙa da not a kwamfuta, abin nan ya sha min kai tun makon jiya.

Ni ne mai kaɗa fiyano na biyu a cocinmu nan Narayi, bana shugaban mawaƙa ya ɗora min aikin rubuta waƙoƙin Kirsimeti guda 12 a kwamfuta, saboda takardun da muke da su rubutun hannu ne an yi ta musu fotokwafi a kan fotokwafi har wani wurin ba ka iya bambance B da D. Not ɗin ban sha wahalarsu ba, na shigar da murya huɗu, kalmomi ma sun zauna ba laifi. Inda gizo ke saƙa shi ne haruffan kod, wato not da yawa da ake bugawa tare, da nake sawa a sama domin mu masu fiyano da mai jita. Wani ya hau sama wani ya sauko ƙasa kamar haƙoran zarto, in na ja ɗaya da linzami na daidaita shi sai na dawo gobe na ƙara wani abu na ga ya sake gocewa. Sannan ranar Alhamis wajen koyon waƙa mata suka ce wata waƙa ta yi musu sama a G, na koma gida na sauke ta zuwa F, not duk suka sauka lafiya amma kod ɗin suna nan a G, C, D7 ko motsi ba su yi ba.

Wanda ya fi ci min rai shi ne na takarda. Na kai aka buga min, Baba da ke kaɗa fiyano na ɗaya, mutum ne da ya haura shekara 60 da tabarau, ya ɗora takardar a gabansa ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa ta, ga shi an ɗauke wuta da 'yar fitilar caji muke aiki, ya kai tsakiyar amshi sai shafi ya ƙare dole ya ɗaga hannun hagu ya juya, kiɗa ya yanke mawaƙa suka tsaya. Bai ce min komai ba, ninke takardar kawai ya yi ya ci gaba da ka. Gaskiya ban ji daɗi ba don saboda shi na fi son aikin ya yi kyau. MuseScore 3.6 nake amfani da shi, laftof ɗina tsoho ne. Me nake yi ba daidai ba?

Malam_Sitidiyo

Sannu da ƙoƙari ɗan'uwa. Ni a Tudun Wada nake, waƙoƙin biki da na talla muke haɗawa, amma duk sanda za mu ɗauko masu busa ko mai jita daga waje sai na rubuta musu takarda, don haka na sha wannan ruwan.

Tambaya ɗaya zan maka, da wane maɓalli ka shigar da kod ɗin? Daga bayaninka na kusa rantsewa Ctrl+T ka danna. Wannan rubutu ne kawai na gama-gari, manhajar ba ta san cewa G ɗin da ka rubuta kiɗa ba ne, a wurinta daidai yake da ka rubuta "a hankali" ko "mata kaɗai", shi ya sa da ka sauke waƙar ta bar shi inda yake. Na kod daban ne. Ka zaɓi not ɗin ka danna Ctrl+K, ka rubuta G, ka danna dogon maɓallin tazara ya kai ka gaba, haka har ƙarshen waƙa ba sai ka taɓa linzami ba. In filat kake so ƙaramin b za ka sa, Bb, da kanta za ta mayar da shi alamar filat ta gaske, shaf kuma #. In hannun hagu zai riƙe wani not daban sai ka sa karkatacciyar sanda, C/E ke nan. Em, Am7, Dsus4, Cmaj7 duk ta san su. To in ka yi haka ka je Tools ka zaɓi Transpose, akwai ɗan akwati na kod ka tabbata da alama a ciki, G ɗinka zai koma F, C ya koma Bb, D7 ya koma C7, Em ya koma Dm, kai ko harafi ɗaya ba ka goge ba. Tun daga 3.5 ma tana iya kaɗa maka kod ɗin ka ji da kunnenka, nan take za ka kama inda ka yi kuskure.

Na san ba daɗin ji a ce ka sake shigar da na waƙa 12, amma ba wata hanya, kuma da zarar hannunka ya saba waƙa ɗaya ba ta cin minti goma. Tsofaffin kuma kar ka bi su ɗaya-ɗaya, danna ɗaya da maɓallin dama na linzami, Select, ka ce ta zaɓo duk masu kama da shi, ka share gaba ɗaya. Sai dai ka duba tukuna, in akwai irin su "mata kaɗai" da ka rubuta da hanya ɗaya su ma za su tafi.

Batun hawa da sauka kuwa, ka daina ja da hannu kwata-kwata. Abin da ke faruwa shi ne duk inda not ya yi sama sosai manhajar tana ture kod ɗin sama don kar su yi karo, maƙwabtansa kuma suna nan ƙasa. Ka shiga Format, Style, Chord Symbols, a 3.6 akwai wurin da aka rubuta Maximum shift above, ka ƙara lambar kaɗan, sai sauran na sahun su tashi su tarar da wanda aka ture su jeru. Waɗanda ka riga ka ja da hannu ka zaɓe su ka danna Ctrl+R su koma mazauninsu. Girman harafin kuma yana can cikin Text Styles, sau ɗaya za ka canza ya shafi waƙar duka. Ni nawa manya nake sawa masu kauri, don mai jita a tsaye yake kuma nesa da takarda.

BabaKwaya_SabonTasha

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka damu da idon dattijon nan. Malam ya gama maka maganar kod, ba abin da zan ƙara. Ni a kan takardar zan tsaya, don shekaru da yawa ina koyar da mawaƙa kuma na ga takarda mara kyau ta ɓata waƙa mai kyau ba sau ɗaya ba.

Ni da Finale na fara, manhajar da ta fito tun 1988, a 2024 masu ita suka ce sun daina, suka nuna wa mutane wata manhajar mai suna Dorico. Ni dai MuseScore na koma tunda kyauta ce kuma yaran da nake koya wa suna iya saukewa, tsofaffin ayyukana na fitar da su a MusicXML, irin fayil ɗin da manhajojin rubuta kiɗa ke musaya da shi, na shigo da su. Amma duk wadda ka ɗauka halinsu ɗaya ne, kwamfuta ba ta san inda baitin waƙa ya ƙare ba. Ita dai cusa ɗakuna take yi a sahu, ɗaki ina nufin tsakanin sanda da sanda, in sahu ya ɗauki biyar ta sa biyar, na gaba ya ɗauki shida ta sa shida. Mu kuwa yawancin waƙoƙinmu ɗaki huɗu-huɗu suke tafiya, layin waƙa ɗaya numfashi ɗaya. In ka bar ta ta yanka inda ta ga dama, mai kiɗa zai ga layi ya fara a tsakiyar sahu ya ƙare a farkon wani, in ya ɗaga kai ya kalli shugaba ya dawo sai ya rasa inda yake.

Abin da za ka yi, ka rera waƙar da bakinka, duk inda layi ya ƙare ka zaɓi wannan ɗakin ka danna Enter, sahu zai karye a nan. Akwai wurin da za ka ce mata ta karya duk bayan ɗaki huɗu da kanta a cikin Format, amma ni na fi son yi da hannu, saboda waƙoƙin da suke farawa da ɗan guntun ɗaki kafin bugun farko sukan rikita lissafin. Haka nan amshi ya fara a sabon sahu ko da yaushe, ka rubuta Amshi a kansa da manyan haruffa.

Sai juya shafi. Doka ta a nan ita ce waƙar da za ta iya zama a shafi ɗaya ta zauna a ɗaya, wadda ta ƙi kuma ta zama biyu masu kallon juna, hagu da dama, ba gaba da baya ba. In dole sai an juya, ka nemi wurin da mai fiyano yake da hutu ko doguwar riƙo, ka danna Ctrl da Enter a nan shafi ya karye. Gara ka bar rabin shafi fari da a juya a tsakiyar amshi. Kuma ka yi amfani da alamar maimaitawa, ba sai ka rubuta amshi sau uku ba.

Game da ƙanƙanta, ka buɗe Page Settings ka duba abu biyu. Na farko takardar ta zama A4, wato milimita 210 da 297, ita ake sayarwa a kasuwarmu. Wani sa'in za ka tarar tana kan Letter ta Amurka wadda ta fi gajarta da kusan milimita 18 ta kuma ɗan fi faɗi, in aka buga ta a A4 sai ta ɗan tsuke ƙasa ya zauna fanko. Na biyu akwai lambar tazarar da ke tsakanin layi da layi, asalinta wajen milimita 1.75 ce, wato layukan biyar gaba ɗaya tsayinsu milimita 7 ke nan. Ina zargin ka rage ta don waƙa ta shiga shafi ɗaya. Kar ka yi wa dattijo haka. Ni shawarata ma ka yi takarda iri biyu. Mawaƙa ka ba su mai murya huɗu. Masu kiɗa kuma ka cire musu alto da teno da bes, ka bar muryar sama kaɗai da kod manya da kalmomin baiti na farko, za ka ga waƙar da ta ci shafi uku ta koma ɗaya har da sarari, sai ka ƙara lambar nan ta kai 2 ma.

In ka gama gyara waƙa ɗaya ta yi maka yadda kake so, akwai Save Style a cikin Format, ka ajiye, sauran 11 ka ɗora musu shi. Littafi ya fito da fuska ɗaya.

UwarAlto_Barnawa

Sannunku da aiki. Ni ban iya kwamfutar sosai ba, ƙanena ne ke rubuta mana, amma ni ce nake zama kusa da shi ina cewa wannan bai yi ba, don haka bari na faɗi na ɓangaren masu rerawa tunda ku duk masu kiɗa ne.

Don Allah ka kula da kalmomi. Baiti biyar aka taɓa jera mana a ƙarƙashin not, kafin idonka ya sauko kan baiti na biyar ya koma sama ya ga not an wuce ka. Biyu sun isa ko uku, sauran a zuba su a ƙasan shafi kamar yadda ake rubuta waƙa a littafi, ai in mutum ya rera biyu ya riga ya kama karin. Sannan raba gaɓoɓi, a raba su yadda bakin Bahaushe ke furtawa, al-bar-ka, ma-ka-ɗai-ci, ba a yanke kalma inda ba a yankewa ba. Kuma haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, ka duba su da kyau bayan ka fitar da PDF. Mu an taɓa buga mana takarda duk inda ƙ take sai ta fito siririya daban da sauran haruffa kamar baƙuwa, wani wurin ma ɗan akwati ne ya fito, ashe salon haruffan da aka zaɓa ba shi da su. Da ƙanena ya canza zuwa Charis SIL shi ke nan suka fito daidai, ya ce Noto Serif ma yana da su. Ba ƙaramin abu ba ne, a waƙar ibada ƙasa da kasa ba ɗaya ba ne.

Wajen bugawa kuma ka tsaya a kansu. Wani shago da muka kai, yaron don ya rage mana kuɗi ya haɗa shafi biyu a fuska ɗaya bai tambaye mu ba, da kyakkyawar niyya ya yi amma komai ya koma kamar ƙwayar gero, iyayenmu mata na Zumunta ba wadda ta iya karantawa. Ka kai PDF kar ka kai fayil ɗin manhajar, ka ce a buga ɗaya tukuna ka gani, kuma in za a ɗinke shi littafi ka bar fili a gefen da za a huda don kar ramin ya cinye farkon sahu.

Jita_Kakuri

ni fa gaskiya duk wannan C da G din bata lokaci ne, ranar lahadi mai bada waka zai tashi ya dauko ta a ki din, wato matakin sautin, da muryarsa ta fada ranar ba wanda ke takarda ba, to me takardar F zata yi maka in ya fara a Ab. ku rubuta lamba kawai 1 4 5 6m kowa ya kama ko a wane ki ne. musescore din ma tana da shi, Add sai Text sai Nashville Number. mu a band dinmu haka muke yi, da yatsu ma muke nuna wa juna, ku yi hakuri wayata bata da haruffa masu lankwasa

MaiFiyano_Narayi

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam ka canka daidai, Ctrl+T nake dannawa tun farko, wallahi ban san akwai na kod daban ba. Jiya da daddare na sake shigar da na waƙa huɗu, na gwada sauke ɗaya zuwa F komai ya bi. Baba Kwaya kuma zarginka gaskiya ne, lambar nan na mayar da ita 1.3 don in matse waƙa a shafi biyu, sannan a shagon ma an sake ragewa. Mama na duba PDF ɗin, ɗ ɗina duk sun fito daban, da ban lura ba sai da kika faɗa.

Amma ga wata sabuwa. Maganar ɗan'uwa na Kakuri ta sa na tuna yaranmu biyu da suke koyon fiyano, su da do, fa, so suka saba ba su san haruffa ba. Na ga a cikin Style wurin kod akwai zaɓin da aka rubuta Solfeggio, na danna na ji daɗi na ga haruffa sun koma Do, Fa, amma waƙar da ke F sai ta rubuta min Fa a kod ɗin farko inda mu do muke cewa. Na lalata wani abu ne?

Malam_Sitidiyo

Ba ka lalata komai ba, mayar da shi Standard kawai. Wancan do ɗin ba irin naku ba ne. A Italiya da Faransa da wasu ƙasashen, do sunan C ne har abada, ko a wane ki ake, F kuma fa ne ko da shi ne gidan waƙar. Naku na coci wanda ya zo daga Ingila do ɗinsa yawo yake, duk inda waƙa ta zauna nan ne do. To manhajar na farkon take bi, shi ya sa ta ce maka Fa. In ka ba yaran wannan takardar za ka rikita su ne.

Abin da ya yi daidai da tunaninsu shi ne lambar da mutumin Kakuri ya faɗa, 1 shi ne do, 4 fa, 5 so, 6m la, kuma ba ya canzawa in an sauya ki. Sunan ma daga garin Nashville na Amurka ya samo, masu kiɗan sitidiyo na can ne suka saba da shi saboda irin matsalar da ya ambata, mawaƙi ya zo ya ce a sauke masa. Mu ma in ana gaggawa shi muke yi.

BabaKwaya_SabonTasha

Ban ƙi lamba ba, tana da amfani a waƙoƙin yabo masu kod uku ko huɗu. Amma ɗana na Kakuri, waƙoƙin Kirsimeti masu murya huɗu ba a ɗauko su a ki ɗin da aka ga dama, in ka matsa sama sofrano su shaƙe, in ka yi ƙasa bes su ɓace, shi ya sa ake tsayar da ki tun wajen koyo kuma mai fiyano ne ke ba da not kafin a fara. Sannan a irinsu hannun hagu yana tafiya da muryar bes, C/E ba ɗaya yake da C ba, in mai kiɗa ya buga C ƙasa alhali maza suna riƙe da E za ka ji abin ya yi nauyi. Dattijon da ake magana kuma da haruffa ya saba shekara da shekaru, ba yanzu za a canza masa ba. A bar masa haruffa, yaran a yi musu tasu takardar da lamba, ai kwafin fayil ne kawai.

Kai kuma mai jita in F ta yi maka wuya saboda Bb, ka ɗaura kafo, ɗan abin nan da ke matse tsirkiyoyin jita, a gaɓa ta 3 ka kama D, G, A7, Bm, sautin F ne zai fito.

MaiFiyano_Narayi

To na fahimta yanzu, na mayar Standard. Yau da yamma na kai wa Baba gwaji na waƙa ɗaya, muryar sama da kod kaɗai, sahu shida ɗaki huɗu-huɗu, amshi a sahunsa daban. Ya ɗora ta ya maƙale da fegin shanya saboda fanka, ya zauna a miƙe ya kaɗa ta daga farko har ƙarshe bai sunkuya ba. Da ya gama ya ciro biro ya zagaye wuri biyu, ya ce nan D7 ne ba D ba, nan kuma in matsar da Em ɗin zuwa bugu na uku don a nan ake canzawa ba a farkon ɗaki ba. Malam, in not ɗin dogo ne ya cinye ɗakin gaba ɗaya, yaya zan sa kod a bugu na uku tunda babu not a wurin da zan zaɓa?

Malam_Sitidiyo

Kana cikin rubuta kod ɗin, bayan ka sa na bugun farko kar ka fita, danna alamar waƙafi mai ɗigo a sama, wato ; ɗin nan, kowane dannawa bugu ɗaya take matsawa ko da not ko babu. Sau biyu za ka danna ka isa na uku sai ka rubuta Em. Kuma tunda laftof ɗin tsoho ne ka zauna a 3.6 ɗinka har ka gama aikin nan, MuseScore 4 da ya fito ƙarshen 2022 ya fi nauyi kuma sai Windows 10 zuwa sama, sannan fayil ɗin da aka ajiye a 4 ba ya buɗuwa a 3, in wani ya karɓa zai taya ka gyara ka tambaye shi wanne gare shi kafin ka ba shi. Ka gaida Baba.